Yadda Ake Neman Izinin Ganin Sirrin Gwamnatin Amurka Idan An Taɓa Shan Wiwi

A jihar Maryland, tun daga Yulin 2023, duk wanda ya kai shekara 21 yana iya shiga shago da rana tsaka, ya nuna katin shaida, ya sayi wiwi, a ba shi rasit, gwamnatin jiha ta cire harajinta. A cikin jihar nan kuma hedikwatar hukumar leƙen asiri ta NSA take, inda rasit ɗin nan kaɗai ya isa ya jiƙa wa mai neman aiki gari. Dalili shi ne izinin ganin sirri na gwamnatin tarayya ne, ita kuwa tarayya ba ta san da zaman dokar jiha ba a wannan batu. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 1970 ta sa wiwi a jadawali na farko, rukuni mafi tsananin haramci, jeri ɗaya da hodar heroin. A 2024 Ma'aikatar Shari'a ta kawo shawarar a sauko da shi jadawali na uku mai sassauci, amma ko a can ɗin, shan nishaɗi bai halatta ba a idon tarayya.

Wannan ya shafi namu da ke can fiye da yadda ake zato: yaran da aka haifa a Bronx ko kewayen Washington, waɗanda suka karɓi takardar zama 'yan ƙasa suka shiga soja, masu neman aikin tafinta da Hausa, da masu aikin kwamfuta a kamfanonin da ke yi wa gwamnati kwangila. Abin da ya kamata kowannensu ya riƙe shi ne, shan da aka yi a baya aka daina ba kasafai yake hana izini ba. Abu biyu ne ke kayar da mutane: ci gaba da sha bayan an shiga layi, da ɓoyewa.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Ba kai kake neman izinin da kanka ba. Sai ma'aikata ko rundunar soja ko kamfani mai kwangila ya ɗauke ka a gurbin da ke buƙatarsa, sannan ya tura sunanka. Sai kuma ka kasance ɗan ƙasa. Mai katin zama na dindindin yana iya shiga soja, amma izinin sai ya zama Ba'amurke. Izinin hawa uku ne da shi, ƙarami da matsakaici da babba, kuma binciken yana zurfafa gwargwadon hawan. Yawancin binciken hukumar DCSA ce ta Ma'aikatar Tsaro ke yinsa tun 2019. Ma'aunin da ake auna kowa da shi kuwa wata takarda ce mai suna SEAD 4, wadda ta fara aiki a Yunin 2017, mai ƙa'idoji 13. Ƙa'idar H ce ta ƙwayoyi. Ƙa'idar E ta halin mutum ce, gaskiyarsa da riƙon amanarsa. Ka riƙe haruffan nan biyu, domin duk labarin a tsakaninsu yake.

Babu wanda yake da haƙƙin a ba shi izinin. Kotun Ƙoli ta faɗi haka a 1988 a shari'ar Egan da rundunar sojan ruwa. Idan kokwanto ya shiga, tsaron ƙasa ake bai wa rinjaye, ba mai nema ba.

Mataki na biyu: ka daina, tun kafin fom ya zo hannunka

Akwai wata doka ta 2008 da ake kira Gyaran Bond, wadda ta hana a bai wa wanda yake cikin shan haramtacciyar ƙwaya, ko wanda ta kama shi, izini kwata-kwata. Nan babu awo babu sassauci. Saboda haka tambayar farko da za a yi a kanka ita ce: tsohon mashayi ne ko na yanzu?

A Disamban 2021 shugabar hukumomin leƙen asiri ta lokacin, Avril Haines, ta fitar da wata takardar ƙarin bayani. Ta ce shan wiwi na baya abin dubawa ne, amma ba shi kaɗai zai yanke hukunci ba. Ta kuma ce a shawarci masu nema su ƙaurace masa da zarar an fara tantance su, wato daga ranar da suka sa hannu a fom. Mutane da yawa sun ji rabin farko suka yi murna, suka bar rabi na biyu. Zuƙa ɗaya bayan sa hannu ta fi shekara biyu ta shan jami'a muni a takardarka, domin a lokacin ka riga ka san doka, ka karanta ta baƙi da fari, ka taka ta da gangan.

Wata nawa ya kamata mutum ya yi bai sha ba? SEAD 4 ba ta yanke adadi ba. Ana duba yawan shan, da daɗewarsa, da shekarun mutum lokacin da ya yi. Wanda ya ɗanɗana sau uku a ajin farko na jami'a, shekara huɗu da suka wuce, ba ɗaya yake da wanda ya shekara shida yana busawa kowane dare ya daina watan jiya ba. Wasu hukumomin kuma suna da nasu sharaɗin ɗaukar aiki, daban da na izini. FBI, alal misali, tun 2021 tana so a ce shekara guda cur kafin ka nema ba ka taɓa ba. A da shekara uku ce. Ka shiga shafin hukumar da kake hari ka karanta sharaɗinta kafin ka tura takarda. Idan wata biyu ya rage ka cika, ka jira wata biyun.

Dainawar ta haɗa da abubuwan da mutane ba sa ɗauka wiwi ne. Alewa mai taunuwa, cakulan, biskit, ruwan da ake ɗurawa a sigarin lantarki, duk wanda ke ɗauke da THC, sinadarin da ke sa maye a wiwi, wiwi ne. Katin likita na jiha ma kada ka dogara da shi. Tarayya ta daɗe ba ta karɓarsa a matsayin uzuri. Abin da ya bambanta shi ne magungunan da hukumar kula da magunguna ta FDA ta amince da su likita ya rubuta maka, irin su Epidiolex na farfaɗiya da Marinol.

Man CBD, wanda ake tatsa daga tsiron wiwi ana sayarwa a matsayin magani, yana buƙatar a tsaya a kansa. Dokar noma ta 2018 ta ware nau'in tsiron da THC ɗinsa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba, ta fitar da shi daga haramci, shi ya sa kwalaben suka cika gidajen mai da kantunan magani. Matsalar ita ce abin da aka rubuta a jikin kwalba ba lallai ne ya zama abin da ke ciki ba, kuma takardar Haines ta yi gargaɗi a kan hakan. Ka ɗiga shi a harshe don barci, a kira ka gwajin fitsari, sakamako ya fito da THC, sai ka zauna kana rantsuwa ba ka sha ba, ga takardar ɗakin gwaji a gaban jami'i. Ga sojoji ma an hana su kayan CBD ɗin gaba ɗaya. Shawarata ka bar shi. Ciwon bayan da kake shafa masa, a nemo masa wani magani.

Mataki na uku: ka rubuta tarihin shanka kafin a tambaye ka

Ka samu littafi ka zauna kai kaɗai. Wata da shekarar da ka fara. Wata da shekarar da ka yi na ƙarshe. Kamar sau nawa, a wane yanayi, da su wa. Ka taɓa saya da kuɗinka? Ka taɓa haɗa kuɗi da abokai aka aike ka? Ka taɓa shuka shi a tukunya, ko ka sayar wa wani ko da a kuɗin da ka saya? Ka taɓa faɗuwa gwajin fitsari a wurin aiki, ko makaranta ta hore ka, ko ɗan sanda ya rubuta maka takarda?

Idan kwanakin sun shige maka, ka jingina su da abin da ba ya ruɗewa: zangon karatu, gidan da kake haya, bikin wani, tsofaffin hotunan waya. Amfanin wannan aiki shi ne labarinka ya zama ɗaya a ko'ina. Za ka faɗe shi a fom, ka maimaita wa mai bincike bayan watanni, wataƙila ka sake faɗa a gaban na'urar gano ƙarya idan aikin na CIA ne ko NSA ko FBI. Wanda ya ce sau biyar a fom, ya ce sau ashirin a hira, ya jawo wa kansa tambayar da ta fi ta wiwin nauyi. Idan adadin ƙiyasi ne, ka rubuta cewa ƙiyasi ne, kuma ka karkata wajen yawa.

Shan da aka yi a ƙasar waje ma ka sa shi. Kanada ta halatta a 2018, amma hutun da ka yi a Toronto yana cikin lissafi. Haka wanda aka yi lokacin da aka zo gida hutu, a Kano ko Damagaram ko Kumasi, inda can ma laifi ne.

Wani abin da ake mantawa: idan ka taɓa cike irin wannan tambaya a da, wajen shiga soja ko wani aikin gwamnati, ka ce ba ka taɓa sha ba alhali ka sha, tsohon fom ɗin yana nan ajiye. Ka sa wannan a littafinka, domin shi ma sai an gyara shi.

Mataki na huɗu: cike fom

Sunansa SF-86, ana cike shi ta intanet a manhajar eApp. Dogo ne, yana bin gidajen da ka zauna, ayyukanka, 'yan uwanka, tafiye-tafiyenka da basussukanka. Sashe na 23 ne na ƙwayoyi. Yana tambayar ko ka sha haramtacciyar ƙwaya a shekara bakwai da suka wuce, sannan a wata tambayar daban, ko ka saya, ka shuka, ka yi safara ko ka sayar. Akwai kuma waɗanda ba su da iyakar shekara: ka taɓa sha kana riƙe da izinin sirri? Ka taɓa sha kana aikin ɗan sanda, ko mai gabatar da ƙara, ko wani aikin da rayukan jama'a ke hannunka? A saman sashen an rubuta ƙarara cewa da dokar tarayya ake tambaya, ko da jiharka ta halatta. An kuma rubuta cewa amsar gaskiya da ka bayar a wannan sashe ba za a ɗauke ta hujja a kanka a shari'ar laifi ba. Wato dai tsoron a kama ka ba dalilin ɓoyewa ba ne.

Ƙarya kuwa laifi ce mai zaman kanta. Sashe na 1001 na kundin laifuffukan tarayya ya tanadi ɗaurin da zai kai shekara biyar ga wanda ya yi wa gwamnati ƙarya da gangan a irin wannan takarda. Ba kowa ake kai wa kotu ba, amma izinin yakan tafi, kuma tabon Ƙa'idar E ya fi na H wuyar gogewa. Shan wiwi lokaci yana wanke shi. Ƙaryar da ka yi jiya a fom sabuwa ce fil, ko da abin da ka ɓoye ya shekara shida.

Kada ka tsallake sashe na 22, na 'yan sanda. Yana tambayar ko an taɓa tuhumarka da laifin da ya shafi giya ko ƙwaya, a duk tsawon rayuwarka, kuma ya ce a faɗa ko da kotun jiha ta goge ko ta rufe fayil ɗin. Lauya ya gaya maka an share, ka ɗauka kamar bai faru ba. Ga mai neman aikin kanti haka ne, ga wannan fom ba haka ba ne, in ban da wata 'yar ƙofa da fom ɗin kansa ya ambata ta gogewar kotun tarayya.

Akwai gurbin da za ka faɗi ko kana da niyyar sha nan gaba. Wasu matasa sukan rubuta cewa za su koma idan tarayya ta halatta, suna ganin gaskiya suka faɗa. Ƙa'idar H ta lissafa rashin ɗaukar alkawarin dainawa a fili cikin abubuwan da ke hana izini. Idan har zuciyarka ba ta yanke ba, to lokacin neman wannan aiki bai yi ba tukuna.

A ƙarshen 2023 an amince da wani sabon fom da zai maye gurbin SF-86 sannu a hankali, wanda ya raba tambayar wiwi da ta sauran ƙwayoyi. Kowanne aka ba ka, ka karanta tambayar da ke gabanka kalma bayan kalma, ka amsa ita, ba wadda abokinka ya ce ya gani bara ba. Idan ka gama, ka ajiye kwafi.

Wani lokaci mai ɗaukar sojoji ko wani na gaba da kai zai ce maka a hankali, “Kawai ka sa a'a, ba wanda zai duba.” Sa hannunka ne a ƙasan takardar, ba nasa ba.

Mataki na biyar: hira da mai bincike

Yawanci ɗan ƙaramin ɗaki ne a wurin aikinka, ko ta bidiyo. Zai nuna maka katin aikinsa, ya sa ka yi rantsuwa ko ka tabbatar da cewa gaskiya za ka faɗa, ya buɗe fom ɗinka ya bi shi layi-layi yana rubutu. Idan ya zo sashe na 23 zai sassauta. Wa ya ba ka? A ina? Nawa kake kashewa? Me ya sa ka daina? Har yanzu kana hulɗa da mutanen? Sannan tambayar da ta fi shafar namu: wa ya sani? Iyayenka sun sani? Matarka fa?

Dalilin tambayar shi ne, abin da kake ɓoye wa mutane shi ne igiyar da wani zai iya ja ka da ita. Yaron da ya tashi a gidan da kalmar ɗan wiwi ta fi zagi ciwo, wanda zai iya yin komai don kada Baba ya ji, wannan tsoron nasa abin dubawa ne ga masu tsaro. Ba dole ne ka tara dangi ka yi shela ba. Amma ya kamata ka iya cewa, da gaskiyarka, idan wani ya yi maka barazanar tona asiri za ka kai rahoto, ba za ka biya shi da sirrin gwamnati ba. Idan akwai wani na kusa da ya riga ya sani, ka faɗa.

Idan ka tuna wani abin da ka bari a fom, ka faɗe shi da kanka tun farkon zama, kafin ya ciro shi. Ƙa'idar E ta bambanta wanda ya gyara da sauri don kansa da wanda sai da aka ƙure shi. Kuma ka sani ba mutanen da ka rubuta sunansu kaɗai ake tambaya ba. A binciken babban hawa, mai bincike yakan tambayi abokinka ya nuna masa wani da ya san ka, wannan ma ya nuna wani. Tsohon abokin ɗakinka na jami'a ba shi da dalilin yi maka ƙarya.

Mai binciken ba shi ke yanke hukunci ba. Rahoto yake rubutawa ya tura wa wani jami'in da ba zai taɓa ganin fuskarka ba. Saboda haka roƙo da marairaicewa ba su da amfani. Abin da ya shiga takarda shi ne kai.

Mataki na shida: ka tara hujjar cewa ka canza

Ƙa'idar H ta faɗi abin da ke sassauta laifin, kuma yawancinsa a hannunka yake. Ka rabu da abokan sha. Ka bar zuwa wuraren da ake sha. Ka rubuta takarda ka sa hannu cewa ba za ka sake ba, ka kuma yarda cewa idan ka sake a ƙwace izinin. Wannan takardar an ambace ta a cikin ƙa'idar, kuma ba sai an nema za ka bayar ba. Idan likita ya taɓa cewa shan ya zama maka cuta, to sai ka nuna ka kammala shirin jinya, da kyakkyawan rahoto daga ƙwararre. Wasu sukan je su yi gwajin fitsari ko na gashi da kuɗinsu su ajiye sakamakon.

Mai aure wanda abokin zamansa ke sha a cikin gida yana da ɗan aiki a gabansa. Ba a hukunta ka da laifin wani, amma za a tambaya: a ina ake ajiyewa, da kuɗin wa ake saya, a gabanka ake sha?

Ka leƙa jarinka kuma. Sayen hannun jari kai tsaye a kamfanin da ke noma ko sayar da wiwi a Amurka abin tambaya ne, kamar yadda takardar 2021 ta nuna. Wanda ya shigo ta cikin babban asusun haɗaka mai ɗauke da kamfanoni barkatai, wanda ba kai ka zaɓa ba, ba a ɗaukarsa haka. Aiki a shagon wiwi kuwa, ko da da lasisin jiha, sayarwa ce a idon tarayya, kuma ta fi sha nauyi. Ga mai katin zama da ke jiran zama ɗan ƙasa abin ya ma fi haka: hukumar shige da fice ta USCIS ta bayyana a 2019 cewa sha ko aiki a harkar na iya hana a shaide shi da kyawun hali, wanda sharaɗi ne na samun takardar.

Mataki na bakwai: idan takardar dalilai ta zo

Wani lokaci ana ba da izinin wucin gadi don mutum ya fara aiki kafin a gama bincike. Wanda shansa bai daɗe ba yakan rasa wannan, amma rasa shi ba hukuncin ƙarshe ba ne.

Idan jami'in hukunci bai gamsu ba, za a aiko maka da takarda mai jera dalilan da suka sa ake shirin hana ka, kowane zargi da lambarsa. Ka duba wa'adin amsa nan take. Ga ma'aikatan kamfanonin kwangilar tsaro kwana 20 ne daga ranar da ka karɓa. Za ka amsa kowane zargi, ka amince ko ka musanta, ka haɗa hujjojinka, kuma kana iya neman a saurare ka a gaban alƙalin DOHA, ofishin sauraren ƙararraki na Ma'aikatar Tsaro. A nan ne kuɗin lauya mai wannan fanni yake biyan kansa. Ofishin yana wallafa hukunce-hukuncensa a intanet ba tare da sunaye ba. Ka zauna ka karanta waɗanda suka shafi Ƙa'idar H, za ka ga yadda alƙalai ke auna wata shida da shekara biyu, da yadda suke bi da wanda ya yi alkawari ya karya. Idan an hana ka, bayan shekara guda kamfani na iya sake tura sunanka.

Bayan an ba ka

Tun 1986, umarnin shugaba Reagan mai lamba 12564 ya hana ma'aikacin tarayya shan haramtacciyar ƙwaya, a bakin aiki ko a gida. Soja kuma yana ƙarƙashin sashe na 112a na dokar soja, ga gwajin fitsari na ba-zata. Da can sai bayan shekara biyar ko goma ake sake bincike. Yanzu kwamfutoci na bin bayanan kotu da na kuɗi a kai a kai, kamun ɗan sanda na iya isa ofishin tsaro kafin ka gama shawarar faɗa. Akwai kuma umarnin SEAD 3 da ya ɗora wa masu izini nauyin kai rahoton wasu abubuwa da kansu.

Idan tsautsayi ya faɗa, aka miƙo maka alewa a wurin biki ka ci ba ka san abin da ke ciki ba, washegari ka je wurin jami'in tsaron ma'aikatarka ka rubuta abin da ya faru: rana, wuri, wanda ya ba ka, da wanda ya gani. Idan ledar tana nan, ka tafi da ita.